Yatsa

yātsā̀ (sn., nj./mc., jam. yātsū)

1. Ɗaya daga cikin gaɓoɓi biyar na ƙarshen hannu ko ƙafa: babban ~, manuni, ƙaramin ~. A Sakkwato da Nijar: farce. *Ya nuna ni da ~.*

2. (kim.) Gaɓar da ke fitowa daga tohon hannun ɗan tayi. Tohon na ɓullowa a mako na 4 bayan ɗaukar ciki, yatsu su rabu a mako na 7 zuwa 8. Ƙwayar halittar gado SHH, a kan kuromosom na 7, tana sa a fitar da furotin mai kai saƙo daga gefen ƙaramin ~. Inda furotin ya yi yawa, ƙaramin ~ ke fitowa. Furotin ɗin yana raguwa zuwa gefen manuni. Babban ~ kuwa ba ya bukatarsa. An gano SHH a dabbobi masu ƙashin baya a 1993. 

3. ~ na shida: cindo. Yakan bi jini. Na gefen ƙarami ya fi yawa a Afirka, galibi tsoka ce ba ƙashi; wani lokaci tangarɗar ƙwayar halittar gado GLI3 ce ke jawo shi. Na gefen babba kan zo in SHH ta kunnu inda bai kamata ba. *An haifi mai cindo a Zangon Wagadugu.*

Dang.: ɗan ~, cokali mai yatsu, Cindo (laƙabin mai ~ shida).