Ƴan mata da kujerun mulki: tarihin muƙamai cikin ƙungiyoyin ɗalibai mata na baƙar fatar Amurka

Ranar 15 ga watan Janairu na shekarar 1908, wasu ɗalibai mata su tara suka kafa ƙungiya a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, suka raɗa mata sunan haruffa uku na Girkanci, Alpha Kappa Alpha. A wannan zamani tsarin mulkin Amurka bai ba mace damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba, domin sai a 1920 aka yi gyaran da ya ba ta wannan ƴanci. Baƙar mace kuwa, takunkuminta biyu ne, na jinsi da na launin fata. Duk da haka abu na farko da waɗannan ƴan mata suka yi shi ne rubuta kundin ƙa'idodi da zaɓen biro. Sun zaɓi Lucy Diggs Slowe shugaba, Ethel Hedgeman mataimakiya, Marie Woolfolk sakatariya, Anna Easter Brown kuma ma'ajiya. Wanda ya dubi abin daga nesa zai ɗauke shi wasan ƴan makaranta. Amma tarihin shekaru ɗari da suka biyo baya ya nuna cewa a kan irin waɗannan ƙananan kujeru ne mata da yawa suka koyi sana'ar mulki, lokacin da aka rufe musu ƙofofin majalisu da na jam'iyyu.

Asalin al'adar

Al'adar ƙungiyoyin ɗalibai masu sunayen Girkanci ta girmi Howard da nisa. Ta farko, Phi Beta Kappa, maza ne suka kafa ta a 1776 a kwalejin William and Mary ta jihar Bajiniya. Mata farar fata sun bi sahu a 1851 a kwalejin Wesleyan ta garin Macon, jihar Jojiya, sannan a 1870 aka kafa Kappa Alpha Theta a jihar Indiyana. Kalmar da Turawan Amurka ke kiran waɗannan ƙungiyoyin mata da ita, sorority, daga Latin aka ciro ta, daga soror, wato ƴar'uwa, wadda mai jin Faransanci zai gane danginta cikin kalmar sœur. Tsarinsu ɗaya ne: uwar ƙungiya ta ƙasa, da rassa a jami'o'i, kowane reshe da nasa biron da ɗalibai ke zaɓa.

Waɗannan ƙungiyoyi ba su karɓar baƙar fata a wancan lokaci. Shi ya sa Ethel Hedgeman, ƴar garin Saint Louis, ta ga ya dace ɗaliban Howard su kafa tasu. Ita ce ta kawo shawarar, ita ce ta tattara ƙawayenta, amma kujerar shugabanci ta tafi hannun Lucy Slowe wadda ke aji na ƙarshe. Wannan shi ne darasi na farko da ƙungiyar ta koya wa kanta: mai dabara ba lalle ba ne ita ce mai riƙe da tambari. Ethel ta karɓi kujera ta biyu, daga baya kuma ta riƙe ma'ajin ƙungiyar na ƙasa tun daga 1923 har 1946, shekara ashirin da uku tana ƙirgar kuɗin zubi.

Sunayen kujeru da aikinsu

Alpha Kappa Alpha ta ba muƙamanta sunayen Girkanci, harshen da ɗaliban wancan zamani ke karanta shi a aji tare da Latin. Shugabar reshe ita ce Basileus, kalmar da asalin ma'anarta sarki. Mataimakiyarta Anti-Basileus, yawanci ita ke kula da ayyukan da reshe ke yi wa jama'a. Grammateus ita ce mai rubuta bayanin taro, Epistoleus mai kula da wasiƙu, Tamiouchos mai ajiyar kuɗi. Akwai Hodegos mai tarbar baƙi, da Philacter mai tsaron ƙofa da tabbatar da natsuwa a zauren taro. Tun da aka fara buga mujallar ƙungiyar, Ivy Leaf, a 1921, rassa ke naɗa mai aika mata labari.

Abin lura shi ne yadda aka raba aikin kuɗi gida biyu. Akwai sakatariyar kuɗi, Pecunious Grammateus, wadda ke karɓar zubi ta ba da rasit ta shigar a littafi, sannan ta miƙa wa ma'ajiya. Ma'ajiya ce ke kai wa banki, kuma ba ta fitar da ko sisi sai taro ya amince. Ta haka mai karɓa daban, mai ajiya daban, littattafan biyu kuma dole su yi daidai. Yarinya mai shekara ashirin da ta riƙe ɗaya daga cikin waɗannan kujeru tsawon shekara guda ta san cewa amana ba ta hana lissafi.

Taron kansa bisa ƙa'ida ake gudanar da shi. Ƙungiyoyin Amurka da yawa suna bin littafin dokokin taro da wani hafsan soja, Henry Martyn Robert, ya wallafa a 1876. Ba a buɗe zama sai adadin mahalarta ya cika. Ana fara wa da karanta bayanin zaman baya a amince da shi. Mai shawara sai ta nemi izinin magana, wata ta goyi bayanta, a yi muhawara, sannan a kaɗa ƙuri'a. Shugaba ba ta da ikon yanke hukunci ita kaɗai, aikinta ta raba magana da adalci, ta kare ƴancin marasa rinjaye su faɗi ra'ayinsu, ta kuma zartar da abin da masu rinjaye suka zaɓa ko da ba ra'ayinta ba ne. Wannan shi ne tsarin da majalisun dokoki ke aiki da irinsa, kuma ƴan mata suna yin atisayensa kowane wata a ɗakin kwanan jami'a.

Rikicin 1912

Matsalar kowane reshen ɗalibai ita ce guntun rai. Bayan shekara huɗu kowace mamba ta kammala karatu ta tafi, masu zuwa kuma ba su da wani alkawari da waɗanda suka gabace su. Wannan matsala ta fito fili a ƙarshen 1912. Mambobin da ke cikin jami'a a lokacin, ƙarƙashin shugabarsu Myra Davis, suka so sauya suna da launuka da alamar ƙungiyar, suka kuma so ta ƙara tsunduma cikin al'amuran siyasa da na jama'a. Nellie Quander, wadda ta sauka daga kujerar shugabanci ta kammala karatu a wannan shekara, ta ƙi amincewa. Hujjarta ita ce waɗanda suka ɗauki rantsuwa a baya suna da haƙƙi a kan sunan, don haka masu riƙe da biro na yau ba su da ikon rushe abin da aka ba su ajiya.

Ba a sasanta ba. Ranar 13 ga Janairu 1913 ɗalibai ashirin da biyu suka fice suka kafa Delta Sigma Theta, Myra Davis ta zama shugabarta ta farko, wato mace ɗaya ta shugabanci rassan farko na ƙungiyoyin biyu. Ranar 29 ga wannan wata Nellie Quander da Norma Boyd da Minnie Smith suka yi wa Alpha Kappa Alpha rajista a gaban hukuma, domin kada wani reshe ya sake iya narkar da ita. Quander ta riƙe shugabancin ƙasa daga 1913 zuwa 1919.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma kowanne ya bar gado. Masu ficewa sun shiga babban jerin gwanon neman ƙuri'ar mata da aka yi a Washinton ranar 3 ga Maris 1913, jajibirin rantsar da Shugaba Woodrow Wilson, duk da cewa wasu daga cikin masu shirya gangamin ba su so ganin baƙar fata a cikin sahu ba. Masu tsayawa kuwa sun gina tsarin da ya hana ƙungiya mutuwa da tafiyar shugabanta: babban taron ƙasa da ake kira Boule, wanda aka fara a 1918, da rassan tsofaffin ɗalibai da ke sa ido a kan na jami'a ta hannun mai ba da shawara. Daga nan kujerar shugabar reshe ta zama mai iyaka ta sama da ta ƙasa. Mambobi ne suka zaɓe ta, amma akwai kundin da ya fi ta ƙarfi.

Daga ɗakin taro zuwa gonakin auduga

Amfanin wannan horo ya bayyana a shekarun 1930. Ida Jackson, haifaffiyar Vicksburg ta jihar Misisipi, tana cikin waɗanda suka kafa reshen Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1921. Da ta hau shugabancin ƙasa, sai ta juya hankalin ƙungiyar zuwa jiharta ta haihuwa, inda baƙaƙen manoman ƙodago ke zaune a gonakin auduga ba likita ba magani. A damunar 1935 aka fara aikin lafiya na Misisipi a gundumar Holmes, ƙarƙashin jagorancin likita Dorothy Boulding Ferebee. Masu gonaki suka hana ma'aikatansu zuwa wuraren da aka shirya duba su. Matan ba su naɗe kaya sun koma ba, sai suka mayar da motocinsu asibitin tafi-da-gidanka, suna bin majami'u da makarantun ƙauye suna yi wa yara rigakafin agana da maƙarau. Aikin ya koma gundumar Bolivar ya ci gaba kowace shekara, dubban yara suka amfana, har yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancin mai ya tsayar da shi a farkon shekarun 1940.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da kyakkyawar niyya kaɗai. Yana buƙatar kasafin kuɗi, da wasiƙu zuwa hukumomin lafiya, da rahoton da za a karanta a babban taro domin a sake ware kuɗi baɗi. Waɗannan duka ayyukan sakatariya da ma'ajiya ne, an faɗaɗa su daga reshe zuwa ƙasa. A 1937 Delta Sigma Theta ta fara nata shirin kai littattafai ƙauyukan kudu, a 1938 kuma Norma Boyd ta kafa ofishin da ke bibiyar dokokin majalisar tarayya da sunan Alpha Kappa Alpha.

Rayuwar mutanen ma shaida ce. Lucy Slowe ta zama shugabar harkokin ɗalibai mata ta farko a Howard a 1922, inda ta dage a bar ƴan mata su gudanar da al'amuran gidajen kwanansu da kansu. Sadie Mossell Alexander, shugabar ƙasa ta farko ta Delta daga 1919 zuwa 1923, ta sami digirin dokta a fannin tattalin arziki a 1921. Dorothy Height ta shugabanci Delta daga 1947 zuwa 1956, sannan ta riƙe Majalisar Matan Baƙar Fata ta Ƙasa shekara arba'in. Patricia Roberts Harris, daraktar ofishin Delta ta farko a 1953, ta zama jakadiya a Luksambur a 1965, sannan minista a 1977. Kamala Harris, mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, ta shiga reshen farko na Alpha Kappa Alpha a Howard a 1986. Al'adar ta kuma tsallako teku: Zeta Phi Beta, wadda aka kafa a Howard a 1920, ta buɗe reshe a Monrobiya ta Laberiya a 1948, Ellen Johnson Sirleaf kuma mamba ce ta Alpha Kappa Alpha.

Nauyin da ke kan kujera

Tarihin bai rasa tabo ba. Masanin zamantakewa E. Franklin Frazier, cikin littafinsa da aka fara bugawa da Faransanci a birnin Paris a 1955 da sunan Bourgeoisie noire, ya soki irin waɗannan ƙungiyoyi da cewa sun fi damuwa da bukukuwa da nuna isa fiye da halin talaka. An kuma daɗe ana zargin wasu rassa da fifita masu hasken fata da ƴaƴan masu hali, al'amarin da Spike Lee ya yi wa shaguɓe a fim ɗinsa School Daze na 1988. Kuɗin shiga da na zubi su ma shinge ne ga ɗiyar talaka.

Mafi muni shi ne azabtar da masu neman shiga. Al'adar gwajin sababbi, wadda aka ce don a koya musu haƙuri da biyayya ne, ta riƙa rikiɗewa a wasu wurare zuwa duka da wulaƙanci. A 1990 shugabannin manyan ƙungiyoyin baƙar fata, na maza da na mata, suka soke tsohon tsarin gwajin baki ɗaya. Dokar ba ta kashe al'adar nan take ba, a wasu rassa ɓoye ta kawai aka yi. A nan ne nauyin kujera ya fi tsanani, domin shugabar reshe da mai kula da sababbin shiga su ne ke tsakanin kundin da ya hana da ƙawayen da ke cewa mu ma haka aka yi mana. Idan abu ya ɓaci, jami'a da uwar ƙungiya na iya dakatar da reshe shekaru, wani lokaci har kotu ta shigo. Wadda ta iya ce wa ƙawarta a'a a irin wannan hali ta koyi abin da manyan ƴan siyasa da yawa ba su koya ba.

Abin da Nellie Quander ta kare a 1913 shi ne abin da har yanzu kowane reshe ke maimaitawa a ƙarshen shekarar karatu. Ana yin zaɓe, a rantsar da sabon biro, mai sauka ta miƙa wa mai hawa littafin bayanin taro da littafin kuɗi da kundin ƙa'idodi. Ƙungiyar da ƴan mata tara suka kafa ta cika shekara ɗari a 2008, bayan ta sauya shugabannin reshenta na farko sau da yawa ba tare da ta wargaje ba, domin tun farko an rubuta ranar da kowace shugaba za ta tashi daga kujera.