Usman Baba Pategi (Samanja Mazan Fama)

Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, ɗan wasan barkwanci ne na rediyo da talabijin a Arewacin Najeriya. An haife shi a 1942 a garin Pategi, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Banufe ne, ɗan gidan sarauta, amma a Kaduna ya yi yawancin rayuwarsa, kuma da harshen Hausa ya yi suna.

Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, sannan ya shiga aikin soja a shekarun 1960. Zaman bariki shi ne ya ba shi jarin wasansa. A shirin Samanja, wanda gidan talabijin na NTA Kaduna ya daɗe yana nunawa, yakan fito a matsayin samanjan soja mai tsawa da muzurai, yana ba ƙananan sojoji umarni cikin Hausar bariki gauraye da gurɓataccen Turanci. Masu kallo kan yi dariya har da hawaye, alhali cikin rahar akwai jan kunne kan ladabi, riƙon amana da zaman lafiya tsakanin soja da farar hula. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a zamanin mulkin soja, lokacin da talaka ke shakkar kaki.

Yana cikin dattawan da suka share wa fina-finan Hausa hanya, tare da irin su marigayi Ƙasimu Yero. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023.