Yadda ake haɗa sauti a fina-finan zane

A fim ɗin da 'yan wasa suka fito da jikinsu, idan jarumi ya tura ƙofa, makirufo zai ɗauki kukan ƙyauren tare da hoton. Fim ɗin zane, wanda aka fi sani da katun, ba shi da wannan gata.

Takarda ba ta tari, 'yar tsana ba ta da murya. Duk abin da kunne ya ji a irin wannan fim, daga maganar sarki zuwa kukan gyare a bayan gida, wani ne ya zauna ya nemo shi ko ya ƙirƙira shi, sannan ya ɗora shi a daidai gurbinsa.

Sunayen masu wannan aiki a ƙarshen fim suke fitowa, lokacin da 'yan kallo suka fara neman takalmansu.

Murya kafin hoto

A yawancin kamfanonin Amurka da Turai, muryoyi ake fara ɗauka kafin a kammala zane. 'Yan wasa za su shiga sitidiyo su karanta maganganunsu, daga nan a miƙa wa masu zane.

Dalilin hakan lissafi ne. Fim yana tafiya da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, wato 1,440 a minti guda. Akan bi maganar da aka ɗauka gaɓa-gaɓa, a rubuta a wata takardar jadawali cewa a hoto na kaza leɓɓa suka haɗu, a hoto na kaza baki ya buɗe. Da wannan takarda mai zane yake aiki.

Masu sana'ar fim a Kano sun saba da wannan tsari ta wata fuskar, domin a fina-finan Hausa ma waƙa ake fara bugawa a sitidiyo, 'yan wasa su bi ta da baki a gaban kyamara. A Japan kuwa an fi yin akasin haka: a zana, sannan masu murya su bi hoton.

Fim ɗin da ya fito da martabar daidaita sauti da zane shi ne Steamboat Willie na Walt Disney, wanda aka fara nunawa a birnin New York ranar 18 ga Nuwamban 1928. Yunƙurin farko na ɗaukar kiɗansa ya ci tura, saboda makaɗan sun kasa tafiya tare da hoton. Sai da aka sa wata alama mai tsalle a jikin fim ɗin, shugaban makaɗa yana binta da ido, kafin aikin ya yiwu.

Ƙarar da ake ƙirƙira

Bayan murya sai ƙararrakin motsi: taku, faɗuwa, motsin tufafi, karyewar itace. Masu wannan fanni kan tsaya a gaban allo suna kallon hoto, suna yin ƙarar da hannu ko ƙafa a daidai lokacin da abin ya faru. Ana kiran sana'ar da sunan Jack Foley, wanda ya yi fice da ita a kamfanin Universal tun daga ƙarshen shekarun 1920.

Sau da yawa abin da aka ji daban yake da abin da aka gani. Ɓawon kwakwa biyu sun daɗe suna tsayawa a matsayin kofaton doki. A fim ɗin The Lion King na 1994, wani ɓangare na rurin zakuna ya fito ne daga bakin Frank Welker, yana gurnani a cikin kwandon shara na ƙarfe. Ben Burtt, wanda ya haɗa sautin WALL-E na 2008, ya tanadi ƙararraki sama da 2,000 saboda fim ɗin, ciki har da na wani tsohon janareta da ake juyawa da hannu.

Duk wanda ya taso yana kallon Tom and Jerry ya san ƙarfin wannan fanni ko da bai san sunansa ba. Kusan babu magana a cikinsa. Kiɗan Scott Bradley da ƙarar duka da ihun kyanwar, wanda William Hanna ya yi da bakinsa, su ne suke ba da labarin. Shi ya sa yaro a Daura yake dariya a daidai inda yaro a Alƙahira yake yi, ba tare da tafinta ba.

Moustapha Alassane da kwaɗinsa

A wannan yanki, tarihin fim ɗin zane ya fi tsawo a Jamhuriyar Nijar. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, yana cikin mutanen farko da suka yi irin wannan fim a Afirka ta kudu da Sahara.

Bakanike ne tun asali, kuma tun yana matashi yake tara jama'a yana nuna musu wasan inuwa da fitila. Ya koyi aikin fim a Yamai, a cibiyar bincike inda Bafaranshen nan Jean Rouch yake aiki. Daga baya ya je Kanada, ya haɗu da Norman McLaren a Hukumar Fina-finai ta ƙasar.

McLaren mutum ne da ya kai batun sauti maƙura. Yakan zana alamomi kai tsaye a gefen zaren fim, wurin da na'ura take karanta sauti, ta yadda in an kunna sai a ji kiɗan da babu makaɗin da ya taɓa kaɗa shi.

Alassane ya fitar da La Mort de Gandji a 1965, sai Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban wata jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, wanda shaguɓe ne ga bukukuwan tarbar shugabannin Afirka na lokacin. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Kokoa kuwa sunansa ma Hausa ne: kokawa ce ta gargajiya, amma kwaɗi da hawainiya ne a fage.

Filin kokawa wuri ne na kunne. Akwai ganga, akwai kirari, akwai sowar 'yan kallo idan an yi kaye. 'Yar tsanar da ake matsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hotonta ɗaya bayan ɗaya ba za ta ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai an kawo su daga waje.

A nan ne sunan Moussa Hamidou yake shigowa, mai ɗaukar sautin da ya yi aiki shekaru da dama da Rouch da Oumarou Ganda da shi kansa Alassane, ya kuma tara ɗimbin kaɗe-kaɗe da zantukan al'ummomin Nijar a faifai.

Babbar matsalar zamanin ita ce kammala aiki. Wanke fim da tace shi da haɗa sautinsa galibi a Paris ake yi, inda Ma'aikatar Haɗin Gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin fina-finai a 1963. Ke nan mai fim zai ɗauki hotonsa a gida, amma matakin da za a yanke hukunci kan abin da za a ji yana wata ƙasa, a hannun ma'aikatan da ba su san harshen ba.

Alassane ya ƙare rayuwarsa a Tawa, cikin ƙasar Adar, inda ya mayar da wani sashe na otal ɗinsa wurin aikin zane, yana ƙera kayan aikinsa da kansa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Misali daga rijiyar Kusugu

Hanya mafi sauƙi ta gane yawan aikin ita ce a ɗauki labarin da kowa ya sani. A ce za a zana daren da Bayajida ya isa Daura, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiya.

Mai haɗa sauti zai fara da shimfiɗa, wato sautin wurin kansa: iskar dare, kukan gyare, haushin kare daga nesa. Idan babu wannan shimfiɗa, mai kallo zai ji kamar mutanen suna magana a cikin akwati.

Sai takun doki. Ƙoƙo biyu da aka kifa za su iya bayar da shi, amma sai an zuba yashi a faranti an buga a kai, domin ƙasar Daura rairayi ce, kofato ba ya ƙara a kanta yadda yake yi a kan dutse. Sautukan da ake saya a intanet yawanci an ɗauke su ne a kan titunan Turai da dazuzzukan Amurka. Wanda ya ɗora su yadda suke, zai sa dokin Bayajida ya yi tafiya a kan kwalta, tsuntsayen da ba su taɓa zuwa Sahel ba suna kuka a bayansa.

Sai guga. Akwai gogar igiya a bakin rijiya, da ɗan shirun da ke biyo baya, da faɗawar guga a ruwa, da amsa-kuwwar da ke hawowa. Tsawon wannan shiru shi ne yake gaya wa kunne zurfin rijiyar. Hucin macijin kuma ana iya gina shi daga abubuwa biyu ko uku, kamar numfashin mutum da iskar da ke fita daga taya, a rage musu sauri har su yi kauri.

Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, an kewaye ta da gini, baƙi suna zuwa ganinta. Sai dai mai ɗaukar sauti da ya je can da rana, babura da janareta da lasifika zai kwaso.

Washegari a fadar Daurama kuma wata tambaya ce ta taso, ta tarihi. Kunnen Bahaushe na yau da ya ji kakaki ya san sarauta ce, kamar yadda ake ji a hawan Sallah da Sallar Gani a Daura. Amma littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar kakaki da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake jingina labarin Bayajida gare shi. Ko dai a busa kakakin don mai kallo ya gane nan take, ko a bar shi don a girmama tarihi. Hoton ba zai warware wannan ba, a teburin sauti ake yanke shi.

Haka batun harshe. Karin maganar Daura daban yake da na Kano, daban da na Adar, kuma mutanen gari sukan gane baƙon baki tun daga gaisuwa.

Hausa a bakin da aka zana wa wani harshe

Yawancin katun da yaran arewacin Najeriya suke kallo daga waje yake zuwa, saboda haka aikin sautin da aka fi yi a gida shi ne ɗora murya. Shirye-shiryen yara na kamfanin Ubongo na Tanzaniya, alal misali, an mayar da su harsuna da dama har da Hausa.

Al'adar tana da tushe. A zamanin majigi, motar gwamnati kan shiga gari da dare a kafa allo, mai sharhi yana bayani da Hausa ta lasifika. A shekarun 2010 kuma sitidiyoyin Kano irin su Algaita sun yi suna wajen fassara fina-finan Indiya.

Wahalar ita ce an riga an zana bakin da tsawon jimlar wani harshe. Mai fassara dole ya nemo jimlar Hausa mai tsawo ɗaya, kuma inda leɓɓa suka rufe ya yi ƙoƙarin sa kalma mai b ko ɓ ko m.

Hausa tana da nata sharaɗin a kan wannan. Harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, jan wasali ne ya raba su. Idan ɗan wasa ya ja gaɓa don ya cike motsin baki, ko aka matse maganarsa da kwamfuta don ta shiga gurbi, yana iya faɗin abin da bai yi niyya ba. A waƙa abin ya fi tsanani, domin karin waƙar asali yana iya hawa a inda kalmar Hausa take sauka.

Teburin ƙarshe

Matakin ƙarshe shi ne gauraya. Akan ware sauti gida uku, magana da kiɗa da ƙararraki, a daidaita ƙarfin kowanne daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ƙa'idar ita ce kada komai ya danne magana.

Kamfanonin da suke son a fassara fim ɗinsu sukan ajiye kwafi na musamman mai kiɗa da ƙararraki kawai, babu murya. Inda mai fassara bai samu wannan kwafi ba, dole ya rage sautin asali gaba ɗaya duk lokacin da za a yi magana. Shi ne dalilin da ya sa a wasu fassarorin ruwan sama yake ɗaukewa da zarar jarumi ya buɗe baki, ya dawo idan ya yi shiru.

Aikin da ya sa mutanen zamanin Alassane tafiya Paris, yanzu ana yinsa da kwamfuta guda da manhajoji irin su Pro Tools da Cubase. Abin da ya rage shi ne ɗaki marar hayaniya, da wutar lantarki, da sanin inda za a kalli fim ɗin. Sautin da aka gauraya don manyan lasifikokin silima yakan rasa kaurinsa a wayar hannu, wadda ba ta iya fitar da amon tambari, kuma a waya ne jama'a da yawa suke kallo. Saboda haka masu gauraya sukan saurari aikinsu sau biyu, a lasifikar sitidiyo da kuma a ƙaramar waya, kafin su sallame shi.