Damin Gero da Allo: Wa Ya Ciyar da Makarantun Gwandu?

A shekarar 1853 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya yi wa kansa laƙabi da Abdulkarim, ya sauka a Gwandu kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Sarkin Gwandu Halilu bai yarda sun gana ido da ido ba. Amma baƙon ya dace da abin da ya fi ganin sarki: wani malamin garin ya ara masa kwafin *Tarikh al-Sudan*, littafin da ke ba da labarin daular Songhai. Ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da ya iya, kuma ta hannunsa ne Turai ta fara sanin littafin.

Mu kan ba da wannan labari don alfahari, kuma ya cancanta. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Garin da ake samun irin wannan littafi a ɗakin malami, gari ne mai masu karatu da masu kwafa, kuma kowannensu ya taɓa zama yaro mai rungume da allo yana haɗa babbaƙu da farfaru. Wa ya ci da shi a shekarun nan? Wa ya biya malaminsa?

Yau idan aka ce makaranta mai zaman kanta da ke koyar da 'ya'yan talakawa da kuɗin taimako, sai hankalinmu ya tafi ƙetare: makarantun BRAC da aka soma a Bangladesh a 1985, ko na The Citizens Foundation da wasu 'yan Pakistan suka kafa a 1995. Alhali irin wannan makaranta ta girmi jihadi kansa a ƙasarmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, a cikinta ya tashi. A littafinsa *Ida' al-Nusukh* ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, tun daga mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani har zuwa wansa Shehu Usmanu, wanda aka damƙa shi a hannunsa yana ɗan shekara 13. Da yawansu dangi ne, kuma karatun a gidaje da zauruka aka yi shi.

Yadda abin ke tafiya ba ɓoyayye ba ne, don har yanzu muna ganin ragowarsa. Makarantar ta malam ce, a zaurensa ko a inuwar bishiyar ƙofar gidansa. Ba ya yanke wa uba kuɗi. Ranar Laraba yara su kawo ɗan abin da ya samu, tunda Alhamis da Juma'a hutu ne. Idan yaro ya kai wata gaɓa a karatu a yi sadaka, idan ya sauke a yi walima, malam ya samu rabonsa. Da damina manyan almajirai su taya shi noma. Da kaka kuwa manoman unguwa su fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, wani kaso ya nufi rumbun malam. Yaron da aka kawo daga nesa kuma ya samu uwar ɗaki a wani gida: ya ɗebo mata ruwa, ya yi mata aike, ita kuma ta ajiye masa tuwon dare, ta lura idan ya kwanta ciwo. A ganinmu wannan mata ita ce ginshiƙin tsarin duka, ko da yake littattafan tarihi ba su rubuta sunanta ba.

Mata ma sun samu nasu. Shehu ya zargi malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, a littafinsa *Nur al-Albab*. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru: jajis, wato dattijan mata da ta naɗa wa malfa, su zo daga ƙauyuka da ayarin mata da 'yan mata da sadakar da suka tara, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, su koma su koyar.

Kada dai mu shafa wa zamanin zuma fiye da kima. Yawancin 'ya'yan talakawa a surorin salla suke tsayawa, gona ta janye su. Wani ɓangare na hatsin da manya ke sadaka da shi bayi ne suka noma shi a rinji, kuma 'ya'yan bayin ba su ne a sahun gaba wajen karatu ba.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su rufe makarantun allo ba. Lissafin zamanin Lugga ya nuna akwai kusan 25,000 a Arewa, da ɗalibai fiye da 200,000. Abin da suka yi ya fi rufewa tasiri. Sun narkar da zakkar hatsi cikin haraji, harajin kuma ya koma na kuɗi yana shiga baitulmali. Aikin hukuma ya koma da rubutun boko, aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, sannan Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Wanda ya sauke Alƙur'ani ya ƙware a ajami sai ya wayi gari ba a lissafa shi cikin masu ilimi. Gwandu kuma ta yi rashi na biyu: bayan rikicin Satiru a 1906 fadar sarki ta tabbata a Birnin Kebbi, masu hannu da shuni suka bi ta.

Duk da haka tsarin ya ci gaba da numfashi muddin akwai gero a rumbu. Farin 1973 ne da ƙaurar da ta biyo baya suka karya masa ƙugu. Malamai suka riƙa kwasar yara zuwa birane cin rani, ranin ya ƙi ƙarewa. A birni babu gonar malam, kuma gida ɗaya ba zai zama uwar ɗakin yara hamsin ba. Nauyin da unguwa ke ɗauka sai ya faɗo kan yaro ɗan shekara bakwai da robarsa. Gwamnati ta kawo UPE a 1976, ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato a 2012, ta kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. A 2020, lokacin korona, mun ga gwamnoni na loda yaran a motoci ana mayar da su jihohinsu kamar kaya.

A nan ne kwatanci da ƙetare ke da amfani. Azhar ta Masar ta rayu ɗaruruwan shekaru a kan wakafi: gidaje da shaguna da gonakin da aka tsare, amfaninsu na zuwa ko mai bayarwa na raye ko ya mutu. Namu makarantun a kan sadakar hannu suka tsaya, wadda ke zuwa idan an yi damina mai kyau, ta ɗauke idan an yi fari. Islamiyyun da suka bazu tun shekarun 1950 sun kawo aji da benci da rajista, amma da yawansu sun gaji wannan rauni. Mun san irinsu a garuruwanmu: wani Alhaji ya gina ajujuwa huɗu, ya ɗauki albashin malamai, marayu na karatu kyauta. Ran da ya rasu magada suka zauna rabon gado, wata uku ba a biya malamai ba, na huɗu suka watse.

Yau a Kalgo akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, kuma a kan hanyar zuwa ƙofarta za ka iske yaran da ba su taɓa shiga aji ɗaya na firamare ba. Kusa da su fadama ce shimfiɗe. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015, shinkafar Kebbi ta kai har kasuwannin Legas. Hukuncin da malaman Gwandu suka koyar bai canza ba: abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma, abin da aka yi wa ban-ruwa da inji, ɗaya cikin ashirin. Manomin rani da ya sami buhu 100 yana da buhu 5 da ba nasa ba, kuma yaran da ke bakin titin suna cikin waɗanda shari'a ta ce a bai wa.