Giyar Sitiyari a Titunan Fagge da Sabon Gari

Giyar sitiyari ita ce sandar canza giya da ake dasawa a jikin wuyan sitiyari, maimakon ƙasa tsakanin kujerun gaba. A Kano, motar da ta fi shahara da ita ita ce Peugeot 404, wadda jama'a ke kira Fijo. Ta fito a Faransa a 1960, kuma daga 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna.

Direbobin haya da na akori-kura masu jigilar kaya tsakanin kasuwar Sabon Gari da Fagge sun so ta, domin gaban motar kan ɗauki mutum uku ba matsi. Sai dai tuƙinta na bukatar hannu. Direba zai taka kuloci, ya jawo sandar wajen ƙirjinsa ko ya tura ta gaba, sannan ya ɗaga ko ya sauke. Sandar ba ta shiga akwatin giya kai tsaye; wasu ƙarafa ne ke haɗa su, kuma idan suka ci, giya kan maƙale a tsakiyar cunkoso. Kanikawan Sabon Gari sun ƙware a wannan gyara.

Da motocin Japan masu giyar ƙasa suka cika tituna, sai giyar sitiyari ta ja baya. Matasan direbobin yau kaɗan ne suka iya ta.