Daga jiragen ruwa zuwa gonakin Urno: tarihin awon iskar kabon

Yau za mu taɓo tarihin da ya faru can tsakiyar teku. Wani zai ce, mu da ko gulbi mai ruwa rani da damina ba mu da shi, ina ruwanmu da teku? To, hadarin da muke jira kowace shekara, damshinsa daga tekun Atlantika iskar damina ke kwaso shi, ta biyo ta kan Benin da Najeriya har ta iso Adar da Gobir.

Iskar da ake magana ita ce kabon dayoksaid, wadda ke fita idan an ƙona itace, gawayi ko man fetur. Idan ta taru a sama, takan riƙe zafi kamar bargo. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, nawa ke tsayawa a sama, nawa teku ke shanyewa?

Tsakanin 1925 da 1927 jirgin binciken Jamus mai suna Meteor ya yi ta kai da kawowa tsakanin Afirka da Kudancin Amurka, ana ɗebo ruwa daga sama har ƙasan teku ana auna kabon ɗin ciki. A 1957 wani matashi ɗan Japan, Taro Takahashi, ya hau jirgin Vema yana auna iskar a ruwa da sarari. A 1958 kuma Charles Keeling ya fara awonsa a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, ya samu wajen kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420.

Yaya ake awon? Famfo ke jawo ruwa daga ƙarƙashin jirgi, a fesa shi cikin wani rufaffen mazubi mai ɗan iska a ciki, har ruwan da iskar su daidaita. Sai a tura iskar cikin na'ura mai haske da ke gane yawan kabon. Wani bututun kuma na ɗebo iskar waje daga goshin jirgi, nesa da hayaƙin inji, don kada ya ɓata lissafi. Idan ta sama ta fi yawa, teku na sha. Idan ta ruwa ta fi, teku na fitarwa. Da tarin irin wannan awo, shekara da shekaru, aka gane teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ɗan Adam ke fitarwa, ruwansa kuma na ƙara tsami.

Mu kuwa a lokacin wani awon muke yi, na tiya da rumbu. Dattawanmu ba su manta farin 1973 ba, balle yunwar 1984 da ake kira El Buhari. A 1974, ana tsakiyar wahala, jiragen bincike kusan 40 suka bazu cikin teku daura da Dakar suna nazarin hadari. Daga baya, a 1986 da 2003, bincike ya nuna cewa yadda zafin ruwan teku ya sauya yana cikin manyan dalilan wancan fari. Da can laifin duka kan manomi da makiyayi ake ɗorawa, wai su suka cinye daji.

Duk da haka iyayenmu ba su naɗe hannu ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, inda mata suka sha ɗaukar duwatsu a ka, aka dasa miliyoyin itatuwa. Kowane icce kabon yake zuƙa daga sama ya adana a jikinsa.

Har yanzu awon bai tsaya ba. Tun 1997 Faransa, Brazil da Amurka ke girke na'urori da ake ɗaurewa wuri ɗaya bisa ruwan Atlantika a shirin PIRATA, a 2006 aka ƙara wa ɗaya daga ciki ma'aunin kabon, jirage kuma na zuwa duba su.

Ba mu muka cika sama da hayaƙi ba, amma gonarmu ke fara ji. Don haka mu kula da gawon da ke gona, mu bar tsiron da ya fito da kansa, mu riƙa sauraron hasashen damina kafin shuka. Wanda ya ga 1984 da idonsa, ya ba yara labari. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.