Mai Duba da Ɓarawo: Daga Katsina zuwa Gadarif

A adabin Turawa akwai wani nau'in ƙagaggen labari wanda jaruminsa ke gano mai laifi ta hanyar gaibu. Ko dai ya yi mafarki, ko ya taɓa rigar mamaci sai ya ga fuskar wanda ya kashe shi, ko kuwa fatalwa ta raɗa masa. Irin waɗannan labarai sun bunƙasa a Ingila a farkon ƙarni na 20. A 1908 Algernon Blackwood ya fitar da labaran wani likita mai suna John Silence, a 1910 kuma William Hope Hodgson ya fara buga na Carnacki, mai farautar fatalwa. Masu karatu ba su taɓa haɗa baki a kansu ba. A 1929 wani limamin Katolika kuma marubuci, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na labarin binciken laifi, ta biyunsu ita ce kada a shigo da aljani ko tsafi. Dalili kuwa shi ne, mai karatu da jarumi tsere suke yi wajen gano ɓarawo, in jarumi yana da mai raɗa masa to an yi maguɗi.

Wannan takarda za ta dubi yadda al'amarin yake a wurin Bahaushe, musamman Bahaushen gabashin Sudan. A wurinsa mai gano ɓarawo ta hanyar gaibu ba ƙagaggen mutum ba ne. Maƙwabci ne, wani lokaci ma kawu ne ko kaka. Saboda haka ma'aunin da yake auna irin wannan labari da shi ya sha bamban da na Knox, kuma ba a fahimtar ma'aunin sai an waiwayi tarihi.

Duba tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Akwai boka da ɗan bori, waɗanda ke tambayar iskoki. Akwai kuma malamin tsibbu, mai bugun ƙasa da hisabi da hatimi, wanda iliminsa ya zo ne cikin littattafan Larabci. Ilimin bai tsaya ga ƙananan malamai ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, a farkon shekarun 1730 ya rubuta littattafai a kan hatimai da ilimin asirai, har da wanda ake kira al-Durr al-Manzum. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ke nan tun ƙarni na 18 mutanen gabas sun san cewa daga yamma ake samun gwanayen wannan fanni. A Masar ɗin kanta, Edward Lane ya ba da labari a littafinsa na 1836 yadda aka yi wa jakadan Ingila Henry Salt sata a gida, aka kira wani malami Bamagaribe, ya zuba tawada a tafin hannun yaro ya ce ya leƙa ya siffanta ɓarawon. Larabawa na kiran wannan mandal.

Tun can kuma akwai masu suka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar magana a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa ko taurari ko kukan tsuntsaye. Jihadin 1804 bai kashe sana'ar ba. Abin da ya yi shi ne ya sa ta shiga zaure ta rufe ƙofa, ana zuwa da dare ana musu da rana.

Yanzu sai mu bi ta zuwa gabas. Hanyar hajji ta ƙasa, wadda ke bi ta Barno da Wadai da Darfur, ta daɗe tana zubar da mutanen yamma a Sudan. Mutanen ƙasar na kiransu Takarir ko Fallata, ba tare da bambance Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba. A ƙarni na 19 garin Galabat, a kan iyakar Habasha cikin jihar Gadarif ta yau, yana hannun shehunan Takarir. Babbar ƙaura ta zo bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Gadarif, wadda a da ake kira Kasuwar Abu Sin, ta ja mutane da yawa bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso ta a ƙarshen shekarun 1920, sannan aka fara noman inji a yankin a tsakiyar shekarun 1940. Dawa da riɗi suna son hannu lokacin girbi, Hausawa kuwa ba su ƙi aikin gona ba.

To amma ba kowa ne ya tsaya ga lauje ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta biyo ta a 1957, sun nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna Sudan tun kafin 1898. Wanda ya zo bayan Burmi ya makara. Malanta kuwa sana'a ce da ba ta neman takarda, ba ta neman fili, jarinta allo da tawada. Mutanen Sudan suna kiran malami faki, rubutun sha mihaya, laya hijab, takardar da ake ƙonawa a yi turare da ita kuma bakhra. Suna da nasu fakin, da mata masu jefa wuri da ake kira wadda'iyya, amma fakin Fallata ya yi suna da cewa aikinsa ya fi ci. C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a cikin Hausawan Sudan ya buga littafinsa a 1995, ya yi dogon bayani a kan matsayin waɗannan malamai a cikin jama'ar da har jikokinta ke ɗaukar kansu matafiya a kan hanyar Makka.

Yaya mai duba ke kama ɓarawo? Wanda ya zauna kusa da sana'ar ya san cewa rabinta tambaya ce. Malam zai ji wa ke shiga ɗakin, wa ya san inda ake ajiya, wa ya yi sabuwar riga. Sauran rabin tsoro ne. Za a yi shela cewa an ba da kwana uku, in ba a dawo da kaya ba za a ja Yasin, ko a sa kowa ya dafa Alƙur'ani. Sau da yawa kafin wa'adi ya cika sai a wayi gari a tsinci kayan a bakin zaure. A nan ba a kama kowa ba, ba a kunyata kowa ba, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun abin da tsarin ya iya yi. Mummunan shi ne ranar da malam ya siffanta mutum. Da wuya siffar ta faɗa kan mai gida ko babban ɗansa. Takan faɗa kan yaron gida, ko kishiya, ko almajiri, ko baƙo. A yanki irin Gadarif, inda dubban 'yan ci-rani ke shigowa kowace kaka, baƙo ba ya wuyar samu. Su ne ake kira Jango, waɗanda Abdul'aziz Baraka Sakin ya rubuta littafi a kansu ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009.

Shi kansa sunan da Fallata suka yi takobi ne mai kaifi biyu. Wanda ake zuwa wurinsa da dare neman taimako, shi ake nunawa da rana a ce matsafi ne, baƙo ne. A Oktoban 2008 Hausawa sun yi zanga-zanga a Gadarif bayan wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar da ke fitar da su daga cikin 'yan ƙasa, ko da yake fadarsa ta musanta. A Yulin 2022 sun sake fitowa saboda kashe-kashen da aka yi a jihar Shuɗin Nilu.

Hukuma ta daɗe da zaɓar ɓangare. 'Yan sandan Sudan sun yi aiki da masu bin sawu, waɗanda ke karanta ƙafar mutum ko ta raƙumi a kan ƙasa, domin sawu abu ne da za a nuna wa alƙali. Abin da yaro ya gani a tawada kuwa ba ya nunuwa. Abin sha'awa, dokar manyan laifuka ta Jihar Arewa a Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, an tsara ta ne bisa ta Sudan, kuma Alƙalin Alƙalan Sudan Muhammad Abu Rannat ne ya shugabanci kwamitin masana na 1958 da ya ba da shawarar. A cikinta akwai babi guda da ya haramta gwada mai laifi ta hanyar tsafi da kuma zargin maita.

Idan muka juya ga rubutaccen adabin Hausa, sai mu ga cewa ya fara da ɓarayi da malamai, amma bai haɗa su yadda Turawa suka yi ba. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam malanta makami ce da Alhaji da Malam Zurƙe ke damfarar juna da ita. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ya fi kusa. Abubakar ya rasa Zainab a hannun attajiri Malam Shehu, ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya kama Kyauta, ɗan da aka haifa, ya zama ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba. Lura da cewa a nan gaibu shi ne ya haifar da laifin, ba shi ya warware shi ba. Wannan salo ya daɗe. Ko a adabin kasuwar Kano, da marubuta irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej suka shigo da labaran aljanu da ƙungiyoyin asiri, boka ya fi fitowa a matsayin wanda azzalumi ke zuwa wurinsa, kuma ƙarshensa ba ya kyau.

Duk lokacin da na karanta Jiki Magayi da ɗalibai, gardamar da ke tashi ba ta ko asiri yana ci ba ce. Kusan kowa ya yarda yana ci. Gardamar ita ce ko ya dace a nuna shi yana cin nasara. Wasu kan ce littafin da ya bar mai duba ya faɗi gaskiya talla yake yi wa shirka, domin mace za ta ajiye littafin ta ɗauki mayafi ta tafi. Wasu kan ce marubuci madubi ne, ba shi ya aiki kowa ba. Akan sami ɗaya ko biyu masu ra'ayin Knox ba tare da sun taɓa jin sunansa ba, su ce in malam ya san ɓarawo tun shafi na goma me za a yi da sauran shafukan. Wannan gardama ƙanwa ce ga wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasu suka yi a jaridu a shekarun 1990 a kan littattafan Kano, kuma ba ta tsaya a baki ba: a 2007 an ƙone littattafai a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Ɗan Hausawan Gadarif kuwa a wata mahaɗa yake. A makaranta da Larabci aka koyar da shi, kuma Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Larabci ya ratsa Hausar Sudan. Hausar boko ta fi zuwa masa ta kunne, wato ta rediyo da kaset da finafinan Kano, daga baya kuma ta littattafan da ake karantawa a saurara a waya. Abin da ke gaban idonsa a shagon littattafai na Larabci ne, kuma a wannan fage babu kamar ƙananan littattafan aljihu na Masar. A 1993 wani likita mutumin Ɗanɗa, Ahmad Khalid Taufik, ya fara jerin labaran Ma Wara'a al-Ɗabi'a, wato abin da ke bayan ɗabi'a. Jaruminsa Dakta Rif'at Isma'il tsoho ne, siriri, mai sanƙo, likitan jini, ga ciwo ga shan taba. Ba ya ganin gaibu, ba ya ma son yarda da shi, gaibun ne ke binsa har gida. Ina ganin wannan dabara ce ta sa Musulmi mai karatu ya iya bin jarumin ba tare da zuciyarsa ta yi masa nauyi ba, domin bin mai shakka ba kamar bin boka ba ne.

Taufik ya kuma buɗe wa masu karatu ƙofa. A ƙarshen littattafan akwai shafukan da Rif'at ke amsa wasiƙunsu da bakinsa, suna yabo, suna gyara, suna faɗa. Marubutan Kano ma sun yi makamancin haka, suna sa adireshi, daga baya lambar waya, a bangon littafi. A 2014 Taufik ya rufe jerin da mutuwar Rif'at, shi kuma ya rasu a Afrilun 2018, matasa suka cika wurin jana'izarsa. A 2020 kamfanin Netflix ya mai da labaran fim, masu karatu suka sake rabuwa, wannan karon a kan ko ɗan wasan da aka zaɓa ya yi kama da tsohon da suka sani a takarda.